Sun Ce Allurar da Na Sa Aka Yi Wa Jikata Ce Take Kayar da Ita

Malama Kubura, assalamu alaikum. Ki taimake ni da shawara, domin na duba garin nan kaf ban ga wanda zan gaya wa wannan magana ba. Masu hankalin da za su saurare ni sun riga ni kwanta dama, waɗanda suka rage kuwa hankalinsu yana cikin waya. Ki yi haƙuri da rubutun, ido sai da taimakon gilashi.

Ni tsoho ne, shekaruna saba'in da takwas, ina zaune ni kaɗai a Lamorde, nan Mubi. Mahaifina daga ƙasar Katsina ya zo da sana'ar dukanci, a nan aka haife ni. Na yi makaranta tun ana tsoma alƙalami a tawada, na kama aikin ɗakin shan magani tun zamanin En'e, a kansa na yi ritaya. Lokacin da aka yi yaƙi da agana ina cikin waɗanda suka bi ƙauyuka da ƙafa, daga Digil har kan duwatsu, muna yi wa mutane lamba. Ba alfahari nake yi ba. Na faɗa ne don ki san ba a teburin mai shayi na koyi abin da ake kira allura ba.

Matata Saude ta rasu shekara bakwai ke nan. Sankarar bakin mahaifa ce ajalinta. Ni na yi jinyarta wata goma sha huɗu, ba kuwa zan kwatanta miki ba, wanda ya gani ya sani. Tana auren ma'aikacin lafiya, amma kunya ta hana ta gaya mini sai da abin ya yi nisa. Saboda haka da na ji a rediyo cewa akwai allurar rigakafin ƙwayar cutar da ke jawo yawancin wannan ciwo, ana kuma yi wa yara mata tun kafin su girma, ban yi wata-wata ba. Na nemi wani abokin aikina na dā, Vandi, wanda yake Yola, ya binciko mini asibitin kuɗi da suke da ita. Ina da jika, Adawiyya, 'yar ɗana Lawali, shekarunta goma sha uku. Ita ce take kawo mini abinci, ta zauna ta karanta mini jarida, har da wannan fili naki, tana yi mini dariya in na ce Hausar 'yan jaridar yanzu ta lalace. Da na gaya wa ubanta niyyata, ko kai bai ɗaga daga wayarsa ba, ya ce duk yadda na gani daidai ne.

Ni da kaina na kai ta Yola a farkon shekarar nan. Da aka yi mata ta farko jiri ya ɗebe ta a kan kujera, ta ɗan sume kamar minti ɗaya, ta farfaɗo tana jin kunya. Wannan bai dame ni ba, na ga ƙarti majiya ƙarfi sun zube don ganin tsinin allura kawai. Bayan wata shida muka koma aka yi ta biyu, lafiya lau, sai ciwon dantse na kwana biyu. Mako biyar bayan nan, tana tsaye a layi da safe a makaranta, sai ta faɗi, jiki ya sandare, ta yi ta karkarwa, kumfa a baki, a gaban ɗalibai da malamai. Daga ranar zuwa yau, wata biyu, ta faɗi sau huɗu.

Kafin a yi azahar ranar da ta faɗi a makaranta, duk unguwa ta gama yanke hukunci: allurar tsoho ce. Akwai wani Gabdo mai kemis a bakin layinmu, wanda iyakar iliminsa shi ne ya san kwalin da yake ja da wanda yake kore. Shi ne yanzu babban likitan ƙwaƙwalwa na Mubi ta Kudu. Yana da wasu hotunan bidiyo a waya, na 'yan mata a wata ƙasa can nesa suna karkarwa a gadon asibiti, ana magana da harshen da ko kalma ɗaya ba ya ji, amma yana fassara wa mutane tiryan-tiryan. Duk wanda ya zo sayen maganin ciwon kai sai an nuna masa. Shi ne ya ce wa ɗana allurar ta taru a jijiya, sai an wanke ta. Ya ɗaura wa yarinya ƙarin ruwa leda shida cikin mako uku, wai yana wanke allura. Shekara talatin da biyar na yi ina aiki, ban taɓa jin an wanke rigakafi kamar ana wanke tukunya ba. Ga hayaƙi da ake turara mata safe da yamma har tana tari, ga ruƙiyya. Asibiti ne kaɗai ba a je ba, wai asibiti ne ya jawo.

Shi kuwa Lawali, mai digiri, taki da maganin feshi yake sayarwa a kasuwa. Da hannunsa tsirara yake ɗura maganin kashe ciyawa a gorar lemo, ya goge hannun a riga, ya ci ƙosai. Wannan mutumin ne ya tsaya a zaurena yana yi mini lacca a kan gubar Turawa. Ya ce na mai da 'yarsa abin gwaji don na kasa haƙuri da mutuwar uwarsa. Na ce masa takardar digirin nan da ya kai wa mai tsire ya naɗe nama da ita, da ta fi amfani. Tun ranar ya cire Adawiyya daga makaranta, ya hana ta zuwa wurina. Abinci yana kawowa da kansa, ya ajiye a zaure, ya yi sallama da ƙofa, ya juya. A masallaci mutanen da na yi wa iyayensu lamba, waɗanda ba don mu ba da fuskarsu duk zanzana ce, su ne suke matsawa in na shiga sahu. Ban damu da su ba. Garin da ya watse cikin yini ɗaya da 'yan bindiga suka kawo hari, kowa ya bar tsohonsa a baya, yau shi ne yake koya mini tausayin yaro.

To, Malama, duk wannan shimfiɗa ce. Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Wannan faɗuwa ba ita ce ta farko ba. Shekara biyu da suka wuce, ranar da 'yan bindiga suka shigo Mubi, Lawali yana Yola sayen kaya. Ni da matarsa Ummusalma da yara muka bi ayarin mutane da ƙafa ta hanyar Sahuda, muna neman iyakar Kamaru. Da rana tsaka muka ratse gindin wata tsamiya don ƙafata ta ƙi. A nan Adawiyya ta faɗi. Yadda ta yi a makaranta, haka ta yi a gindin tsamiyar nan, ba bambanci ko kaɗan: sandarewa, karkarwa, kumfa, fitsari, sannan barci mai nauyi. Ni na juya ta a gefe, na tare kanta da hulata. Uwar ta cire mayafinta ta kāre mu daga idon masu wucewa. Na san abin da na gani, na sha ganinsa a ɗakin shan magani. Na ce wa Ummusalma wannan ya yi kama da farfaɗiya, in Allah ya kai mu wani gari sai a ga likita. Sai ta durƙusa ta riƙe ƙafata tana kuka, ta ce in rantse da Allah ba zan gaya wa kowa ba, ko da Lawali ne. Na rantse. Ana harbi a bayanmu, mace tana riƙe da ƙafata, me zan ce? Bayan wata biyar, mun zagayo Yola muna zaman gudun hijira, ta sake faɗuwa sau ɗaya a banɗaki, uwar ta ce santsi ne. Daga nan shiru, har na sa a raina firgici ne ya wuce. A asibitin da aka yi allurar sun tambaye ni ko tana da wani ciwo, na ce babu. Wannan ƙaryar tawa ce, ba ta kowa ba.

Kin san yadda mutanenmu suke da wannan ciwo. Wanda aka ce yana da shi ba a cin abinci kwano ɗaya da shi, in ya faɗi gudu ake yi kada miyau ya taɓa mutum, wasu har garwashi suke zubawa a wurin. Ba kuma shi kaɗai ba, gidan gaba ɗaya ake yi wa tambari, ga Adawiyya da ƙanne mata biyu. In aka ce allura ce, yarinya abar tausayi ce, ana zuwa dubiya da lemo. In aka ce farfaɗiya ce, an gama da ita. Ummusalma ta san wannan sarai. Ita ce ta fara furta cewa allurar Baba ce, a tsakar gida, a gaban matan unguwa. Matar da na rufa wa asiri, ita ta ɗauki laifin ta ɗora mini a ka, ta san kuma rantsuwa ta ɗaure mini baki. Da muka haɗu a wani taron suna ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ba ta yarda mun haɗa ido ba. Ban amsa ba.

Da sunana ne kawai, da na bar su. Saura nawa ya rage mini? Amma ranar Talatar da ta wuce an ce Adawiyya ta faɗi a madafa tana dama koko, hannunta na dama ya shiga wuta. Gabdo ya shafa mata man goge baki. A bakin maƙwabta na ji, don ba a gaya mini. Gidan Lawali kuwa akwai rijiya, ba ta da murfi.

Kuma zan gaya miki abin da ban gaya wa kaina da ƙarfi ba. Dā sau biyu ne cikin shekara biyu, yanzu sau huɗu cikin wata biyu. In na zauna ni kaɗai sai in ce, to in jahilan nan sun yi daidai bisa kuskure fa? In ciwon yana kwance ne, allurar da na kai yarinyar da ƙafata aka yi mata ita ta tashe shi fa? Ilimina na zamanin agana ne, wannan allura ban taɓa riƙe kwalbarta ba.

Ki gaya mini gaskiya, 'yata. Allurar nan tana taɓa ƙwaƙwalwa? In karya rantsuwa in tona, in jawo wa jikata sunan da zai bi ta har kabari, wataƙila in kashe auren uwarta? Ko in yi shiru in bar ta a hannun mai kemis?

Tsohon Malamin Asibiti, Lamorde, Mubi

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ji ƙan Mama Saude, ya ba Adawiyya lafiya. Na karanta wasiƙarku sau uku, na kuma kai ta wurin wata likitar yara kafin in amsa, domin ni ba likita ba ce.

Mu fara da allurar. Abin da aka tabbatar tana jawowa shi ne ciwon dantse, ciwon kai, ɗan zazzaɓi, da irin suman da kuka gani a kan kujera, wanda kan sami matasa bayan kowace irin allura, shi ya sa ake zaunar da su minti goma sha biyar kafin su tashi. Gaskiya ne a wasu ƙasashe iyaye sun kai kukan cewa 'ya'yansu sun kamu da karkarwa da ciwon jijiya bayan an yi musu, ba kuma a yi watsi da kukan ba, an bincika. An kwatanta 'yan mata masu ɗimbin yawa da aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba, har yau ba a ga farfaɗiya ta fi yawa a cikin waɗanda aka yi wa ba. Likitar ta ce ciwon da aka bari ba magani yakan ƙaru da kansa, musamman a shekarun balaga, ga rashin barci, ga fargabar da yaran Mubi suka sha. Ta kuma ce akwai faɗuwar da firgici ke kawowa mai kama da farfaɗiya, sai gwaji ke raba su. Babu mai gaskiyar da zai rantse muku daga nesa a kan yarinyar da bai gani ba, a kai katin allurar a nuna wa likita, shi ma ya rubuta a takardunta. Amma ciwon da ya kayar da ita a gindin tsamiya ya girmi allurar da shekara ɗaya da wani abu. Ku sauke wannan dutse daga ƙirjinku.

Gabdo kuwa, ban ga abin da zan rage daga abin da kuka faɗa a kansa ba. Mai huda jijiyar yarinya sau shida don wanke abin da ba ya wankuwa, ya shafa man goge baki a ƙuna, ba jahilci kaɗai ke damunsa ba, har da rashin tsoron Allah. A raba shi da ita yau, a kai hannun nan asibiti kafin ya ruɓe.

Sai dai, Baba, ku gafarce ni. Wasiƙarku cike take da jahilai, amma mutum biyu ne kawai a duniya suka san gaskiyar ciwon nan, ɗayansu kuma ma'aikacin lafiya ne na shekara talatin da biyar. Lawali yana yanke hukunci da rabin labari, ku kuka riƙe ɗaya rabin, sannan kuna raina shi don bai gane ba. Uban da aka ce masa lafiyayyar 'yarsa ta fara faɗuwa bayan allura, me kuke so ya zata? Maganar mai tsire da kuka yaɓa masa ta yi daɗin faɗa, amma ita ta rufe ƙofar da Adawiyya take shigowa. Ummusalma ta zalunce ku, babu shakka, na kuwa ji zafin abin. Amma ba mugunta ce ta sa ta ba, tsoro ne, tsoron da ku da kanku kuka bayyana dalilinsa fiye da yadda zan iya. Macen da ta durƙusa ta kasa haɗa ido da ku ta san abin da ta yi.

Game da rantsuwa, na tambayi malami. Ya ce wanda ya rantse a kan abu, daga baya ya ga barinsa ya fi alheri, sai ya yi abin da ya fi alherin ya yi kaffara: ciyar da miskinai goma, in babu hali azumin kwana uku. Ku tabbatar a wurin malamin da kuka yarda da shi. Rantsuwar da za ta kai yarinya rijiya ba abar riƙewa ba ce.

Amma warware rantsuwa daban, shela daban. Unguwa ba ta da haƙƙin sanin komai. Mutum biyu ne suke da shi: uban yarinya da likita, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Ku fara da Ummusalma, ku kaɗai. Ku amsa gaisuwar da kuka ƙi amsawa. Ku gaya mata ba wanke sunanku kuka zo yi ba, ba kuma za ku tsaya a masallaci ku ƙaryata ta ba, amma Lawali zai ji kafin Juma'a, kun fi so ya ji daga bakinta kuna zaune a gefenta. In ya taso mata, ku ce tare kuka ɓoye, domin gaskiyar ke nan, har da amsar da kuka bayar a Yola. Tsohon da ya fara da laifin kansa ya fi a saurare shi. Daga nan ku nemi Malam Vandi ya haɗa ku da likitan da ya san ciwon ƙwaƙwalwa. Kada ku yi faɗa da ruƙiyya, a bar addu'a ta tafi tare da magani.

Kafin a samu ganin likita, a rufe rijiyar nan, a raba ta da madafa. In ta faɗi a kwantar da ita a gefe, kada a cusa mata cokali ko wani abu a baki, kada a ɗura mata ruwa, in abin ya wuce minti biyar a garzaya asibiti. Ku kun san wannan, su ne ba su sani ba, ku koya musu ba tare da gori ba. Ku gaya wa uwar miyau ba ya yaɗa ciwon nan, kuma mafi yawan masu shi in suna shan magani a kan kari sukan daina faɗuwa, su yi karatu, su yi aure, su haihu. Abin da take tsoro mutane su gani, magani ne zai ɓoye mata shi, ba ƙarya ba.

Zai yiwu Lamorde ta ci gaba da cewa allurar tsoho ce har ƙarshen rayuwarku. Na san akwai ciwo, akwai kuma hasarar wasu iyayen da za su guji rigakafin saboda wannan magana. Wannan gyara ne na wata rana, yarinyar da ta warke ta koma aji ita za ta yi shi fiye da kowace gardama. Yanzu dai ku ɗauki sandarku ku tafi gidan ɗanku, ko ba a gayyace ku ba.

Allah ya ƙara muku lafiya da haƙuri, ya sanyaya zukatan gidan, ya tashi kafaɗun Adawiyya.

Malama Kubura